Asabar ɗin Inji

Inji ɗaya a cikin akwatin ƙarfe. Ƙafafunsa uku, an ɗaure da roba. Batir. Waya doguwa a naɗe. Kwalin matatai. Kula mai ƙanƙara. Safar hannu da matsefata. Burodi biyu na tsaraba. Kaya kala ɗaya na canji.

Abin da Akpene ta ɗauko ke nan daga Akra, kuma sai da motar ta haye gadar Sogakope direba ya kasa haƙuri.

"'Yar'uwa, akwatin nan da kika hana a ɗora a sama, mutum ne a ciki?"

"Inji ne."

"Na niƙa?"

"Na awon iska."

Direba ya dube ta ta madubi. "Iskar ma yanzu auna mana za a riƙa yi? Da mudu ko da kwano?"

Mota ta ɗauki dariya. Wata mata mai kwandon albasa a cinya ta ce, "Ku ƙyale su. Wuta sun sa mata mita, ruwa sun sa masa mita. Dama numfashi ne ya rage."

Akpene ta gyara akwatin tsakanin gwiwoyinta.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Gwamnati na so ta san wace gunduma ce iskarta ke cikin ƙa'ida, wace ce ta zarce. Ba ƙurar da ake sharewa a kan tebur ake nema ba. Ɓurɓushin hayaƙi ne, mai laushin da hanci ba ya iya tare shi, ya wuce har ƙasan huhu ya zauna. Injin yana zuƙar iska yini da kwana ta cikin wani ɗan farin mataci mai faɗin murfin gwangwanin madara. A auna nauyin matacin kafin a sa, a sake aunawa bayan an cire. Abin da ya ƙaru, shi mutane suka shaƙa. Rana ɗaya a cikin kowane kwana shida ake kunnawa, duk ƙasar a rana guda, don awon ya riƙa zagaya mako: wannan karon Litinin, na gaba Lahadi, na gaba Asabar. A yi shekara ana haka, sannan a yanke hukunci.

An ba Akpene gundumarsu ne don tana jin yaren Ewe, ba don ta nema ba. A Norway ta karanci wannan abu, ta daɗe can, ta dawo ta kama ɗaki a Akra. Shirinta a tsare yake: ta zo ta kunna, ta kwana, ta cire, ta koma.

Amlakope siririn gari ne tsakanin teku da tafki. Injin yana buƙatar rufin kankare, da wuta, da tazara daga bishiya da murhu. Gida ɗaya ne a garin ya cika wannan, benen Tasi Abla, yayar mahaifinta, shugabar mata masu bandar kifi.

"Ga Baturiya, ga Baturiya," in ji Tasi daga bakin ƙofa. "Kin rame. Can ba a tuƙa tuwo?"

"Tasi, rufinki nake so."

"Ko gaisuwa ba ki gama ba kina neman rufina. Besa, ka ji? Wai rufi."

Mijinta, tsoho Besa, yana kan kujerarsa a baranda, inda ya yi shekaru yana kallon hanya. "Ba ta," ya ce. "Ni dai kada a taɓa mini kujera."

Tasi ta zagaya akwatin. "Yana shan wuta?"

"Kaɗan."

"Yana da ƙara?"

"Kamar firij."

"Yana da amfani?"

"Sosai."

"To ya fi mijina. Ku hau da shi."

Karon farko da na biyu komai ya tafi daidai. Matacin yakan fito da ɗan launin toka, Akpene ta sa shi a ɗan farantinsa na roba mai haske, ta rufe, ta sa a kula, ta kama motar safe.

Sai zagayen ya faɗo a kan Asabar.

Asabar ranar jana'iza ce. Wannan kuwa ta dattijon gidan Agbota ce, wanda ya yi zamaninsa shugaban masunta. An kafa rumfuna sun toshe hanya. Tukwanen girki sun jeru a kan itace da ɓawon kwakwa tun asuba. A bayan gida ana babbake awaki da tsofaffin tayoyi. Janareto na ruri, ganguna na tashi, mayaƙan gargajiya suna cika bindigogin toka da albarushi suna sakewa sama, har garin ya yi kamar an rufa masa bargo.

Da safiyar Lahadi Akpene ta buɗe injin, ta ga matacin baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ta sauko da shi a hannu maimakon ta sa a kula tun a sama. So take ta tsorata Tasi.

"Dubi abin da kuka shaƙa jiya."

Tasi ta duba. Amma ba ita kaɗai ce a tsakar gidan ba. Efo Gameli na zaune a kan benci yana cin kenke, dunƙulen tuwon masara, da soyayyen kifi. Shi ke ba da hayar rumfuna da kujeru, kuma shi ne sanƙiran kowace jana'iza a garin. Lasifika ba ta barin hannunsa sai zai ci abinci. Ya miƙo wuya.

"Ƙanwata, da fari ne wannan?"

"Fari fat."

"Jana'izar jiya ce ta mayar da shi haka?"

"Ita ce."

"Ita kaɗai?"

"Efo, ba abin alfahari ba ne."

"Wa ya ce alfahari?" Ya goge hannu a wando, ya zaro waya, ya ɗauki hoto kafin ta janye.

Tana cikin mota a hanyar Akra lokacin da Efo Gameli ya miƙe a taron godiya na gidan Agbota, bayan an fito daga coci, ya ɗaga waya sama. Ya ce shi ya ga jana'izu tun yana yaro, amma bai taɓa ganin wadda gwamnati ta shaida ba sai wannan. Ya ce an turo inji takanas daga Akra, an sa masa farin biskit, darajar marigayi ta ƙone shi ƙurmus. 'Ya'yan gidan Agbota suka sa aka wanko hoton da girma, suka rataye a falo kusa da na mahaifinsu.

Daga ranar mataci ya zama biskit ɗin gwamnati.

Mutanen Amlakope sun iya lissafin ranakun kasuwa tun kafin a kawo kalanda, don haka kwana shida bai ba su wahala ba. Kafin Akpene ta dawo, kowa ya san sai bayan mako shida inji zai sake faɗowa a kan Asabar, kuma kowa ya san wace ce. Gawa kuwa ba ta gaggawa. Dama akan bar mamaci a mutuware wata biyu, wata uku, kafin 'ya'ya su iso daga waje, a ɗinka anko, a yi wa gida fenti. Ƙarin 'yan makonni ba komai ba ne.

Asabar ɗin inji ta biyu, gida uku suka binne. Ta uku, sun fi haka. Sauran Asabar ɗin da ke tsakani suka zama na waɗanda ba su da ƙarfi, ko ba su da zuciya.

Aka fara abin da ba a saba ba. An harba bindigar toka a jana'izar wani tsohon tela da bai taɓa riƙe abin da ya fi almakashi ba. Gidan Vordzo, da suka daɗe suna takun saƙa da gidan Agbota a kan wani yanki na tafki, suka gano cewa iska daga teku take tasowa da rana, suka ari fili a kudancin benen Tasi suka kai tukwanensu can, alhali gawar tana wancan ƙarshen garin. Masu faci suka daina zubar da tsofaffin tayoyi.

Akpene ta daina nuna wa kowa mataci. Bai hana komai ba. Efo Gameli yakan tsaya a ƙasan bene ya karanci fuskarta in ta sauko, ya je ya ba da labari.

"Yau ta ɓata rai sosai. Jama'a, ya yi baƙi."

Ta gwada saukowa da murmushi. Ya ce abin ya kai har ya ba ta dariya.

Wata Lahadi ta tarar da wakilan gidaje biyu suna jiranta a tsakar gida, kowa da ankonsa na jiya.

"'Yarmu, magana ce ƙarama," in ji dattijon gidan Vordzo. "Jiya mu da waɗannan muka yi rana ɗaya. So muke ki raba."

"In raba me, Togbi?"

"Baƙin. Wanne ne namu, wanne ne nasu."

"Ba ya rabuwa."

"Gefen da ke kallon teku namu ne," in ji shi, "wannan ko makaho ya sani."

"Namu ya fi maiƙo," in ji na ɗaya gidan. "Saniya muka babbake. Su awaki ne."

"Awaki goma sha!"

"Akuya dai akuya ce, ko ta kai ɗari."

Tsoho Besa ya yi gyaran murya daga kujerarsa. "Ku tambayi mamatan mana. Su ne a sama, sun fi ganin inda hayaƙin ya bi."

A hanyar tasha wata tsohuwa ta riƙo hannun Akpene. "'Yata, in na mutu ki sa baki. 'Ya'yana marowata ne, za su sa ni a Asabar ɗin banza."

A Akra, shugabarta, Madam Tagoe, ta kira ta ofis ta juyo mata da fuskar kwamfuta. Layin awon Amlakope yana tafiya a kwance, sai ya yi tsalle ya tokari sama, ya sauko, ya yi tafiya, ya sake tsalle, kowane tsalle ya fi na baya. Tsalle ɗaya ne kawai ya faɗo a tsakiyar mako, Akpene kaɗai ta lura da shi.

"Garinku gobara yake yi duk bayan mako shida?"

Akpene ta yi bayani. Madam Tagoe ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido. Sannan ta mayar da shi.

"Na gode, na kwana biyu ban yi irin wannan ba. Yanzu saurara. Da jana'izar yau da kullum ce, ba ruwana, iskarsu ce, a auna. Amma wannan don inji ake yi. Awon da aka shirya wa biki ba awo ba ne. In ya ci gaba, zan soke shekarar gaba ɗaya, a rubuta wa gundumarku ba a samu abin yanke hukunci ba, inji ya tafi wani wuri. Ba na jin zai dawo da wuri. Gundumomi da yawa na jira."

"Ki ba ni lokaci."

"Ke kika kunna, ke za ki kashe."

A makon ne tsoho Besa ya mutu, a kan kujerarsa, bayan karin safe. Ya haura casa'in. Tasi ta ce ya ci ya ƙoshi ya tafi bai ko wanke hannu ba, halinsa ne. Aka kai shi mutuware, aka kira taron dangi don sa rana.

Ranar kuwa Tasi ta riga ta sa. Asabar ɗin inji mai zuwa, kuma ita kaɗai. Ta aika wa duk gidan da ke da gawa a ajiye cewa rufin nata ne, wutar da injin ke sha tata ce, wanda ya kuskura ya haɗa rana da Besa kada matarsa ta sake zuwa bakin teku neman kifi.

"Bai yi komai ba da yana da rai," ta ce wa dangi, "to zai yi abu ɗaya yanzu. Zai ƙone biskit ɗin nan har ya huje."

Akpene ta zo taron da kula. Ta roƙi Madam Tagoe aron matatai biyu daga cikin waɗanda aka gama aunawa aka adana. Da aka zo kan maganar itace da tayoyi, ta miƙe ta ajiye su a kan tebur, kowanne a farantinsa, ta rufe rubutun da ke jiki da yatsa.

"Ɗaya daga cikin nan na ranar gidan Vordzo ne, ranar da aka ce ba a taɓa yin irinta ba. Ku nuna mini shi."

Dangi suka yi caa a kan tebur. Efo Gameli, da ya zo jin yawan rumfunan da za a buƙata, ya kutsa gaba. Ba a yi gardama ba. Duka biyun baƙaƙe ne, amma na dama ya fi, har yana ƙyalli.

"Wannan," in ji Efo. "Ni na yi sanƙirancin ranar. Na san aikina in na gan shi."

"Na hagu ne nasu."

"To na dama fa? Wa aka binne?"

"Ba kowa. Laraba ce."

"Laraba wa?"

"Ranar Laraba, Efo. Watan jiya, da jirage suka shigo cike da kifi. Murahun bakin teku ne kawai."

Sai wani ƙanin marigayi ya fashe da dariya har ya riƙe ciki. "Gidan Vordzo! Sun jinginar da gonar kwakwa, sun hana gari barci, ashe Laraba ta kayar da su tana cikin aikinta!"

Tsakar gida ta hargitse. Tasi ta ɗaga kai tana kallon kowa ɗaya bayan ɗaya, kamar wadda aka ce ɗanta ya zo na ɗaya. "Matana ne," ta ce. "Ba bindiga, ba taya." Ta ɗauki farantin ta kawo kusa da ido. Ta daɗe tana kallo.

"Na rana ɗaya ne wannan?"

"Rana ɗaya. Kuma daga kan rufi. Ke a bakin murhun kike tsayawa."

"Tun ina budurwa." Ta ajiye shi. "Da ni biskit ce da tuni an zubar da ni." Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, ta sha ruwa. Ba a sa rana a taron ba.

Akpene ta koma Akra tana ganin ta gama.

Efo Gameli bai iya riƙe magana ba ko da an biya shi. Kafin yamma gari ya ji cewa Laraba ta fi gidan Vordzo. Yara suka mayar da abin waƙa. Gidan Agbota suka sauke hotonsu daga bango a asirce, don ba wanda ya san ko su ma wata Alhamis ta fi su. Duk mai gawa a mutuware ya yi lissafi: in ka binne ubanka a Asabar ɗin inji, ko dai ka ci, ko a ce ranar aiki ta fi shi daraja, kuma abin zai bi jikokinka. Ba wanda ya ga dalilin shiga wannan caca.

Asabar ɗin inji ta zo, ba a binne ko kaza ba. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin Asabar irinta ba. Limamin coci ya tafi kamun kifi a tafki.

Matan bakin teku kuma suka yi nasu lissafin. In murahunsu ne suka fi kowa baƙanta biskit, kuma biskit Akra ake kai shi, to wata rana za a turo mota a rushe murahun. Ba wanda ya faɗa musu haka. Ba sa buƙatar a faɗa musu. Suka yanke shawara a tsakaninsu: ranar inji ba a hura wuta.

Matatai suka fara fitowa kusan yadda aka sa su.

Madam Tagoe ta sake juyo da kwamfuta. "Barka. Garinku ya koma Norway."

"Madam..."

"Da sun cika baƙi, yanzu sun cika fari. Duka ƙarya ce, wannan ma ta fi haɗari, don da ita za a ce kun cika ƙa'ida a rufe maganarku." Ta jingina. "Hanya ɗaya ta rage. A riƙa kunnawa kullum. In kowace rana ta inji ce, ba ranar da za a yi wa shiri. Matatai akwai, na wata tasha da injinta ya lalace suna nan a ajiye. Motar asibitin gunduma na zuwa nan duk mako, za ta iya kawo kula. Mutum ne babu. Sai wanda zai hau rufin nan kowace safiya har shekara ta cika."

"A garin zai zauna ke nan."

"Sai dai in yana da fiffike."

Akpene ta tuna ɗakinta mai shiru, da ba wanda ke buɗe shi bai ƙwanƙwasa ba. Ta tuna gidan Tasi, inda ake tambayarta miji kafin a tambaye ta ko ta ci abinci. Ta ce za ta yi tunani.

"Yi. Ƙarshen wata zan rubuta rahotona."

Zagaye na gaba Juma'a ne. Ta iso da safe ta kunna, ta tsaya a kan rufi tana kallon garin. Sama tas. Bakin teku ba ɗigon hayaƙi, ga kuma jirage sun shigo da kifi tun asuba. Mai ƙosan bakin tasha ba ta fito ba. Wani ɗan acaba ya taho, da ya kusa benen sai ya kashe babur, ya sauka, ya tura shi da fasinja a kai har ya wuce, sannan ya tayar. Yana wucewa ya ɗago kai ya cire mata hula.

Da ta sauko, matan banda sun cika tsakar gida, suna zaune a kan kwanduna, hannuwa a cinya. Ƙarnin kifi ya biyo su. Tasi na tsakiya. Efo Gameli na gefe, ya rame. Mako shida yana zaman jiran Asabar mai kyau, ta zo masa wayam.

"Baturiya," in ji wata da ake kira Daavi Sodzi, "yaushe zai yi barci, abin naki?"

"Gobe da safe."

"Kifin ba zai kai gobe ba. Gishirin da muke zuba masa ma ya ƙare a garin."

"Ku je ku hura wuta mana."

"Mu hura ki kai mu ƙara?"

"Ba wanda ya ce zai rushe muku murhu, Daavi. In an zarce ƙa'ida, gwamnati ce ke da aikin zuwa da gyara. Me za ta kawo, ban sani ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma in aka rubuta iskarku lafiya lau, ba wanda zai sake leƙo ku."

"Haka ma ya yi mana," in ji wata daga baya. Aka yi dariya.

"Ni tawa daban ce," in ji Tasi. "Besa na can yana daskarewa. In na sa shi a Asabar ɗin inji, a ce na kai shi gasa da Laraba. In na sa shi a wata, a ce na ji tsoro. Mai mutuware ya aiko wai ya fara sabawa da shi, yana gaishe shi da safe. Ke kika kawo wannan fitinar rufina. Wace rana zan binne mijina?"

"Ni ma a faɗa mini," in ji Efo Gameli. "Rumfunana sun fara fumfuna."

Akpene ta dubi kwandunan kifi. Ƙudaje sun fara taruwa. Ta dubi matakalar bene.

"Duk ranar da kika ga dama, Tasi. Daga yau ba ranar inji. Kullum zai yi aiki."

"Kullum kamar yaya?"

"Litinin zuwa Lahadi. Har shekara ta cika."

Daavi Sodzi ta miƙe. "Kullum? Ai ba za mu iya zama da yunwa kullum ba!"

"Na sani."

Matan suka dubi juna. Wata ta ja tsaki, ta ɗora kwandonta a ka. "Ashana tana wajen wa?" Sai ga su suna fita ɗaya bayan ɗaya, suna zagin gwamnati da iska da wanda ya ƙera inji, suna sauri.

Efo Gameli ya matso. "To ƙanwata, in kullum ne, ranar tsoho Besa ma za a samu biskit ke nan. A ɗan nuna mini gefensa kawai..."

"Ba mai sake ganin biskit. Fuskata ma ka daina kallo."

Tasi ba ta motsa ba. Ta ƙanƙance ido. "Wa zai riƙa hawa kullum? Ni gwiwata ba ta hawa bene don gwamnati."

"Ɗakin sama na kusa da matakala, akwai kowa a ciki?"

"Buhunan gishiri ne da, sun ƙare." Fuskar Tasi ta fara washewa. "Af. Ashe. To ai shi ke nan. Dama ɗan Daavi Sodzi, malamin nan na sakandare, matarsa ta..."

Akpene ta ɗauki kula ta hau. Tasi ta biyo ta har rabin matakala, gwiwar ta manta da ciwo, tana lissafa halayen malamin. Ɗakin ƙarami ne, yana warin gishiri, tagarsa na kallon teku. Can bakin ruwa hayaƙin farko ya fara tashi, shuɗi, yana karkatowa wajen gari yadda ya saba. A saman kanta injin na gurnani.

Ta shiga, ta rufe ƙofa, ta murza sakata.

"Zan zauna har awon ya cika," ta ce ta bayan ƙofar. "Inji na zo yi wa aiki, Tasi. Ki je ki sa wa mijinki rana."